Babana, ka karɓe layinka daga hannun yaron nan

Assalamu alaikum Babana,

Ya Ibadan, ya hidimar ƙasa? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta ɗan motsa da sanyin nan. Da kira zan yi amma na san halinka, ina farawa za ka shiga "to Baba, to Baba" har mu kashe waya ba ka ji komai ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ƙanwarka ce ta yi suɓutar baki, kar ka je ka yi mata faɗa. Wai tunda ɗan Gwaggonka ya tare ɗakinka ba shi da aikin yi sai shiga gasa, yau garaɓasar kamfanin waya, gobe ta masu lemo, dare ya yi yana TikTok da Facebook yana bin masu rabon kuɗi yana ajiye lambar akawun a ƙarƙashin kowane hoto, har wai yana da wani littafi da yake rubuta ranakun fitar da ƙuri'a da leda guda ta murafen kwalba a ƙarƙashin katifa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne ta ce layinka na biyu yana hannunsa, kuma ya taɓa karɓar lambar NIN ɗinka wai don ya shiga sau biyu.

Haba Babana! Da karatunka da komai?

Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, akawun ɗinka kuwa ɗaure yake da BVN, wato duk abin da aka yi da layin nan sunanka ne zai fito, hotonka da zanen yatsunka. Yaron nan ba mugu ba ne, a gabana ya tashi, amma wanda idonsa ya rufe da cin mota ba ya tsayawa ya tantance saƙon gaske da na ɗan damfara. Za a turo masa an taya ka murna ka ci miliyan, sai a ce ya biya ɗan kuɗin rajista, ko ya karanto lambobin nan da banki ya turo yanzu, yana karantowa shi ke nan an kwashe. Wannan ma asarar kuɗi ce kawai, mutum yana iya neman wasu. Akwai waɗanda rabon kuɗin nasu tarko ne na tara lambobin akawun, su ce za a turo maka kuɗi ka cire naka kason ka tura sauran wani wuri, ashe kuɗin sata ake wankewa ta kanka. Ranar da banki ya rufe akawun, EFCC suka biyo sawu, ba wanda zai tambayi ɗan Gwaggonka, kai za a ɗauka, kai da kake shirin neman aiki bayan hidimar ƙasa da takarda mai tsabta. Ni ba ni da kowa a Abuja da zan kira, ka sani. Wallahi in na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

Kana yaro ka yi ta jin haushina don na hana ku tsintar murafen lemo a bakin shago, har kuka ka yi. Ka san abin da ya faru da Kawunka da keken ɗinkin Hajiya, ba sai na maimaita ba, kuma har gobe in aka ambaci maganar nan a gidanmu kowa shiru yake yi. Ban hana ku don mugunta ba.

Kuma ko garaɓasar ta gaskiya ce, kamfani bai buɗe ta don ya yi asara ba, cinikin da jama'a suka ƙara yi ne yake sayen motar da mutum ɗaya zai hau a hoto. A Filifin a 1992 Pepsi ta sanar da lamba 349 a matsayin mai cin feso miliyan ɗaya, ashe an yi kuskure an buga lambar a murafe dubu ɗaruruwa, da mutane suka yi cincirindo sai aka ce feso 500 za a ba kowa, aka yi tarzoma har da rasa rayuka. Mu nan ma a 2012 sai da hukumar sadarwa ta NCC ta dakatar da garaɓasar kamfanonin waya gaba ɗaya saboda ta cunkushe layuka. Ɓangaren addini kuwa ba ni zan koya maka ba, wadda sai ka sa kuɗinka kana jiran sa'a caca ce ko da wane suna aka sa mata, ka duba Ma'ida aya ta 90.

Yanzu ga abin da nake so. Kar ka kore shi, kar kuma ka yi masa gori gaban abokanka, irinsu in aka kunyata su ɓoyewa suke komawa yi, wannan ya fi muni. Kar ka ɓata bakinka wajen musu da shi kan ko zai ci, kullum yana da labarin wani da ya ci firiji a wata unguwa. Ka ci da shi, ka sha da shi, in sabulu ne ko kuɗin mota zuwa neman aiki ka ba shi, amma kuɗin kati ko data don gasa ko sisi, ko da sunan rance. In ya ci ɗan katin ɗari biyar ya zo yana tsalle ka ce masa madalla ka ci gaba da abin da kake yi, zugar nan ita ce take ƙara masa wuta. Wata rana in kun zauna ku biyu yana cikin raha ka ce ya ɗauko littafin nasa ku lissafa abin da ya kashe a wata da abin da ya shigo, shi ya riƙe biron, kai dai ka yi shiru.

Layin kuwa yau ɗin nan za ka karɓa, ba gobe ba. In kana jin nauyinsa ka ɗora min, ka ce Baba ne ya rantse, na saba zama mugun. Ka je banki ka canza lambar sirrinka, ka tura STOP zuwa 2442 a duka layukan don saƙonnin tallan nan su ragu.

Na yi zafi, na sani, ka yi haƙuri. Kai ne babba, kuma ban taɓa jin kunyarka ba ko sau ɗaya, shi ya sa abin ya tsaya min. Gwaggonka kar ka ce mata komai, hawan jininta ba zai ɗauka ba, ni zan san yadda zan ɓullo mata in mun haɗu wajen suna ranar Asabar. Kana karɓar layin ka kira ni da shi in ga lambar da idona.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifinka