Iyaye sun ce mu ɓoye wa matasa cewa ciwon daji ne

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya fama da jama'a?

Mu ma'aikatan jinya ne a sashen masu ciwon daji na wani asibiti. Damuwarmu a kan matasa take, 'yan shekara 14 zuwa 20 da 'yan kai. Da sakamakon gwaji ya fito, sai uba ya ja likita gefe ya ce, "Don Allah kada a gaya masa, a ce ƙarancin jini ne." Mun san tausayi ne, amma ɓoyewar nan tana ɓata maganin.

Kemo, wato maganin daji da ake sa wa mara lafiya ta ƙarin ruwa, zagaye-zagaye ake yin sa, galibi duk bayan sati 3. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 da ƙarin ruwan, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan yi ƙasa ƙwarai. A wannan tsakanin, in ma'auni ya nuna zafin jiki ya kai 38, ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa, domin ƙwayar cuta tana iya bin jini cikin 'yan sa'o'i. Yaron da ba a gaya wa ba sai ya haɗiyi farasitamol ya ja bargo, zazzaɓi ya lafa, cuta kuwa tana ci a ciki.

Haka batun suma. Wasu magungunan sukan zubar da ita sati 2 zuwa 3 da farawa. Budurwar da aka sanar tun farko takan warware kitso ta rage gashin, ta tanadi ɗankwali, ta san zai tsiro 'yan watanni bayan an gama. Wadda ta farka ta tarar da gashinta a kan matashi, ita ce mai rantsuwar ba za ta koma ba. Daga nan dangi su taso da zancen wai daji ba ya son allura, a tafi sakiya, ko wurin mai ɗori in ƙarin a ƙashin gwiwa yake, sai ya bazu zuwa huhu a dawo.

Kuma fa yaran suna da waya. Sunan maganin da ke jikin ledar ruwa kawai za su nema a intanet. Sai yaro ya sani, ya yi shiru don kada hankalin mahaifiyarsa ya tashi, ita ma tana kuka a ɓoye don kada ya gani.

Mai wuyar duka shi ne haihuwa. Wasu magungunan suna rage ta, kuma inda ake iya adana maniyyin saurayi, kafin allurar farko ake yi. Wa zai buɗe baki da wannan zancen a gaban uba, balle in an riga an sa rana?

Hajiya, da wane lafazi za mu shawo kan uba ba tare da ya ga an raina ikonsa a kan ɗansa ba? Shin ya dace mu sako kawu, gwaggo ko limamin unguwa, ko kuwa hakan tona asirin gida ne? In yaro ya dube mu ya ce, "Sista, daji ne?" alhali mun yi wa iyayensa alkawari, me za mu ce? Ƙarya dai ba za mu yi masa ba.

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

'Ya'yanki, ma'aikatan jinya