Godiya ga Ma'aikatar Magajin Garin Balma

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a don in gode muku bisa karamcin da kuka yi mini a ziyarar da na kawo Balma. Kakana falken gishiri ne. Tun muna yara muke jin "kantun Balma" a bakinsa, amma ban taɓa sanin yadda ake yinsa ba sai da na taka ƙasar Kawar, yankin da Balma take a hamadar Nijar, da ƙafata.

Ban zo da takardar kowa ba, duk da haka ma'aikatanku suka ba ni wurin zama da ruwa da dabino, sannan suka haɗa ni da wani dattijo Babarbare wanda ya kai ni Kalala. A can na ga ramukan da ruwan gishiri ke tsatsowa, rana ta ƙafe shi, ɓawo ya taru a sama, a fasa shi ya nutse, gobe kuma a sake. Ya nuna mini beza, farin gishirin miya, ya bambanta mini shi da kantu, wanda ake cusawa cikin ƙoƙon gungumen dabino a kife shi ya bushe, a kai wa dabbobi su lasa. Wallahi da na ɗaga guda ɗaya sai da na tausaya wa raƙumi.

Dattijon bai gaji da tambayoyina ba. Ya ba ni labarin ayarin Buzaye da ke tasowa daga Abzin bayan damina, su ratsa hamadar Tenere ta garin Fachi a bayan madugu, su kawo gero su koma da gishiri da dabino, har kayan su kai kasuwannin Damagaram da Kano. Turawa ma sun bi ta nan: Kilafatan a 1823, Barth a 1855, kafin Faransa ta kafa sansani a 1906. A 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO wannan hanyar gishiri cikin wuraren da take son a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Roƙona ɗaya: ku sa a naɗi muryoyin waɗannan dattawa tun suna raye, domin motoci sun fara karɓe aikin raƙuma.

Kantun da kuka ba ni tsaraba yana ɗakin mahaifiyata, ta hana kowa fasa shi. Allah ya saka da alheri.

Naku,
Jikan wani falke