Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Ku Zo Mana da Na Goye

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da kakanni, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta. Barkanmu da saukar damina, Allah ya sa ta yi albarka.

Zan fara da wani kuskure da na kusa yi a zangon da ya wuce. Akwai yaro ɗan shekara biyar a ajin share fage, in an kira sunansa ba ya amsawa, in ana waƙar ƙirga sai ya yi ta kallon taga. Har na rubuta cewa ya maimaita aji, don a ganina taurin kai ne. Wata rana malamarsu ta durƙusa tana gyara masa riƙon alli, sai ta ga ƙuda na bin kunnensa na dama, ta kuma ji ɗoyi. Ashe kunnen ya daɗe yana zubar da mugunya, kakarsa tana ɗiga masa mai tana toshewa da auduga. Ma'aikaciyar asibitin garinmu ta wanke kunnen, ta ba da magani, muka dawo da shi layin gaba. Yanzu shi ke rigan kowa ɗaga hannu. Takardar da na rubuta kuwa na yaga ta da kaina.

Abin da malama ta gani a ranar ba aikin alli da allo ba ne, kuma yawancin abin da ke hana yaranmu gane karatu haka yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, manufar ilimi ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Madalla da wannan. Sai dai kafin yaro ya tako ƙofarmu, kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, sun riga sun wuce, kuma a cikinsu ne ƙwaƙwalwa ke yin mafi saurin gininta. Mu malamai a hanya muke tarar da ginin. Yaro ɗaya ne, amma asibiti na da littafinsa, ofishin ƙidaya na da nasa, mu ma da rajistarmu, kuma ba wanda ke leƙa na wani.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wannan da idonsu a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna da maganin, amma ba shi da amfani in yaro zai koma wasa a tsakar gidan da aka niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar. Sai da masana muhalli suka kwashe ƙasar gidajen, masu gari da masu haƙar suka yarda a fitar da niƙa daga cikin gida, sannan maganin ya ci.

Shi ya sa kwamitin kula da makaranta ya zauna da ma'aikatan asibiti, da mai unguwa, da liman, da matan ƙungiyar adashi, muka tsayar da ranar Laraba ta farkon kowane wata ta zama ranar ƙanne. Duk uwar da ke da ɗa a makarantar nan, ta zo da na goye da na yaye, da katin rigakafinsu, ko da ya yage ko ruwa ya taɓa shi.

Za a duba kati a ga inda aka tsaya: allurar ranar haihuwa, ta mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9. Akwai kuma sabuwa da nake roƙon ku ba ta muhimmanci. A watan Disamba na 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma jihohi biyu aka zaɓa a fara da su, Kebbi da Bayelsa. Ba don gata aka zaɓe mu ba. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, ba jihar da ta kai mu. Wanda ke kwana kusa da fadamar shinkafa ba sai an faɗa masa dalili ba. Allurar huɗu ce: wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15, kuma wannan ta ƙarshen ce ake yawan mantawa. Ba ta soke gidan sauro ba. Ba ta kuma soke maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ba. Shi wannan na kwana uku ne a kowane zagaye. Masu rabo su ba da na ranar farko, sauran biyun na hannun uwa. Na sha ganinsu a cusa a jikin katanga har su narke.

Za a kuma yi awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai kala uku. Kore lafiya lau, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a wuce a ranar. Ba abin kunya ba ne, don mun san yanzu ne rumbu ke yin ƙasa, sabon hatsi bai zo ba. Matan adashi sun ɗauki nauyin koyar da haɗin kunun Tom Brown: mudu 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. Waɗanda Allah ya ba shinkafar rani, da 'yan kasuwarmu, muna karɓar gudummawa ko da mudu ɗaya ne, kuma sakataren kwamiti zai karanta lissafi a gaban kowa. Jaririn da bai kai wata shida ba dai nono kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata.

Takardar haihuwa: mun roƙi jami'in Hukumar Ƙidaya ya riƙa zuwa a ranar. Har yau wasu yaran da hannu muke auna shekarunsu, a ce su ɗora shi a ka su taɓo kunne.

Iyaye maza, da ku nake. Sau da yawa uwa ta san ranar allura, izini da kuɗin mashin ne suka tsaya. Liman ya yi alkawarin tunatarwa a masallaci, amma kada a jira shi. Kuma in an dawo daga gona, a ɗauki jariri a yi masa magana, a nuna masa akuya a faɗi sunanta, in ya yi gwaranci a amsa masa. Yaron da ake yi wa tatsuniya a gida muna gane shi tun makon farko, bakinsa a buɗe yake.

Za a fara da ƙarfe takwas na safe a ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis, a zo da tabarma. Wadda katinta ya ɓace ita ma ta zo, za a yi mata sabo.

Wassalamu alaikum.
Shugabar makaranta, a madadin malamai da kwamitin kula da makaranta