Wa ya auna Kwarin Binuwai kafin a haƙa Kolmani?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don in ambaci wata baiwar Allah da na daɗe ina jiran jaridunmu na Hausa su ba ta haƙƙinta.

Tun daga Oktoban 2019 da NNPC ta ce ta samu mai a rijiyar Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, zuwa Nuwamban 2022 da Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin, an sha rubutu kan man nan. An yi gardamar na wace jiha ne, an yi lissafin ganguna, an yaba wa masu mulki. Tambaya ɗaya ce ba a cika yi ba: me ya sa aka kafa injin haƙa a nan, aka bar Zariya da Kano? Amsar tana wurin masu auna ƙasa, waɗanda suka yi shekaru suna bin hanyoyin daji da na'urori tun kafin a haifi yawancin masu gardamar. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce Farfesa Deborah Enilo Ajakaiye.

A Jos aka haife ta a 1940. Ta gama digirin fiziks a Ibadan a 1962, ta yi na biyu a Birmingham ta Ingila, ta dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi digirin dakta a 1970. Ta koyar a Zariya da Jos, ta zama farfesa a 1980, kuma ita ake ƙirgawa mace ta farko da ta kai wannan matsayi a fannin fiziks a Afirka. A wurina aikin da ta yi ya fi muƙamin nauyi, don haka a kansa zan tsaya.

Ƙasa tana jan komai zuwa ƙasa, kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙarfin jan nan ba ɗaya yake a ko'ina ba. Inda dutse mai nauyi yake kwance a ƙarƙashin ƙafarka, jan ya fi ƙarfi kaɗan. Inda yashi da laka suka taru da kauri, ya fi rauni kaɗan. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ana maganar kashi ɗaya cikin miliyan ne, amma akwai na'urar da take kama shi. Wahalar tana wurin aikin. Sai an san tsayin kowane wurin da aka auna daga doron teku, don hawa ɗan tudu kaɗai yana canza lissafi. Ita ma na'urar tana zamewa da kanta idan sa'o'i suka wuce, dole a riƙa komawa wurin da aka fara a sake gwadawa. A tuna fa hanyoyin Arewa na wancan zamani, babu wayar hannu, babu tauraron ɗan'adam mai nuna wa mutum inda yake.

Da duwatsun Jos ta fara, waɗanda suka ba Nijeriya kuza, jerin da ya miƙe har tsaunukan Azbin a Nijar. Awonta ya nuna jan ƙasa yana raguwa sosai a kansu, alamar cewa abin da muke gani a sama kan dutsen ne kawai, gangar jikinsa ta nutse kilomitoci a ƙasa. Mujallar kimiyya ta Nature ta buga wannan a 1970. A 1973 kuma ita da Kevin Burke, wanda ya koyar a Ibadan, suka fitar da taswirar jan ƙasa ta Nijeriya.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne Kwarin Binuwai. Wannan kwari ya taso daga yankin Neja Dalta ya nufi arewa maso gabas wajen kilomita 1,000, ya rabu biyu a ƙarshe, reshe ɗaya ya yi Yola, ɗaya ya bi Gongola, inda Kolmani take, ya nufi tafkin Chadi. Cike yake da yashi da laka da suka zama dutse, kaurinsu ya kai kilomita 5 a wasu wurare. To da hankali, sai a ce jan ƙasa zai yi rauni a duk faɗinsa. Da aka auna, tun daga aikin wasu masana biyu, Cratchley da Jones, na 1965, sai aka ga gefe biyun ne suka yi rauni, tsakiyar kuwa ta fi ƙarfi. Me ya sa? Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, da ikon Allah, Afirka da Kudancin Amurka suna manne suka fara rabuwa. Tsaga uku ce ta haɗu a inda Neja Dalta take yanzu. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama Tekun Atlantika. Ta ukun ta fara, ta tsaya, ita ce Binuwai. Ɓawon ƙasa ya sirance a tsakiyarta yadda kwaɓin fulawa yake sirancewa idan aka ja shi ta gefe biyu, dutse mai nauyi na can ƙasa ya taso kusa da sama. Shi na'urar take ji. Bahar Maliya da alhazanmu suke ketarewa irin wannan tsagar ce, sai dai ita ba ta tsaya ba.

Ruwan teku ya taɓa shiga kwarin nan. Shi ya sa ake tono ragowar halittun teku da suka zama dutse a wurin fasa dutsen siminti na Ashaka, arewacin Jihar Gombe. Gishirin Keana da Awe, da dalma da tutiyar Zurak da Abakaliki, da kwal ɗin Maiganga, duk a cikinsa suke.

Daga jan ƙasa ta koma ga maganaɗisu. Duwatsu da yawa suna riƙe da ƙarfe mai maganaɗisu, ana kuma auna shi daga jirgin sama. Karanta wannan awo a ƙasarmu yana da wuya, don muna kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, inda alamun suke fitowa ba yadda suke fitowa a Turai ba. Duk da haka, a 1986 ita da abokan aikinta suka nuna dogayen layuka a ƙarƙashin Binuwai da kewayensa, masu daidaituwa da manyan tsagogin da ke ƙasan Atlantika. Wato raunin da ya raba nahiyoyi biyu yana nan kwance a ƙarƙashin gonakinmu.

Tsagar ba ta san iyakar ƙasa ba. Danginta ne kwarin Agadem na Nijar da yake ciyar da matatar Damagaram tun 2011, da Doba na Chadi da aka fara tura mansa zuwa Kribi, a gaɓar tekun Kamaru, a 2003, da Muglad na Sudan. Ganin maƙwabta sun samu ya ƙara wa masu neman na Gongola ƙwarin gwiwa.

A nan ina son 'yan'uwa su lura. Awon jan ƙasa da na maganaɗisu ba sa ganin mai. Suna nuna inda kwarin ya yi zurfi da inda ya tsage, sannan a shigo da awon girgiza, wato a tura girgiza cikin ƙasa a saurari yadda take dawowa, sannan a haƙa, kuma haƙar ce kaɗai take yanke hukunci. Shell ta haƙa rijiyar Kolmani ta farko a 1999, gas ta samu, ta bar wurin. Duk wanda ya zo wani ƙauye ya ce na'urarsa ta hango mai a yini ɗaya, a tambaye shi takardun awonsa.

Na yi rayuwata ina koyar da fiziks a makarantar 'yammata. Littattafanmu cike suke da Newton da Galileo, kuma sun cancanta. Amma sau da yawa yarinya mai kai takan tambaye ni ko mata suna yin wannan karatu har ƙarshe. Duk ranar da na gaya musu wata 'yar Jos ta ɗauki na'ura ta auna duwatsun da suke hangowa daga mota, ajin yakan canza, tambayoyi su yi yawa har a buga ƙararrawa.

Roƙona biyu ne. Jaridarka ta tura wakili sashen fiziks na Zariya da na Jos, da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro, a zanta da ɗaliban Farfesa da suka zama malamai, a rubuta mana tarihin aikin nan da Hausa. Sannan jami'o'in su tattara tsoffin littattafan awon nan su shigar da su kwamfuta tun gara ba ta cinye su ba, don girgizar ƙasar da aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018 ta nuna har yanzu muna da buƙatarsu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Tsohon malamin fiziks,
Gombe.