Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamar Da Ta Tambaye Ni: Me Malami Zai Bai Wa Tsangayar Da Ta Yaye Shi?

Assalamu alaikum, Malama.

Tambayar da kika yi mini a gaban jama'a, ranar da muka taru a matsayin tsofaffin ɗaliban Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero, ta fi ƙarfin amsar da mutum zai bayar a tsaye, shi ya sa na yi alkawarin rubuto miki a fili domin duk wanda ya ji tambayar ya ga amsar. Kin ce ke malamar firamare ce, albashinki ba ya kai ki ƙarshen wata, kuma kina son sanin dalilin da zai sa a nemi gudummawa daga irinki alhali akwai TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, akwai kuma attajiran da ke gina wa jami'o'i benaye. Kin ƙara da cewa duk kwabon da muka bayar sauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta ne.

Batun albashi ba ni da ja a kai. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka cinye abin da malami ke samu, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai cike giɓin ba. Haka nan ban yarda a haɗa mu da masu gini ba. Alhaji Aliko Dangote ya gina wa jami'armu makarantar koyon kasuwanci, gidauniyar Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u ta bai wa Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan ɗaya a 2021, Allah ya saka musu da alheri. Tsangayar Ilimi kuwa malamai take yayewa, mafi yawanmu da alli muka fara kuma da alli za mu yi ritaya. Duk wanda ya zo mana da tsarin neman taimako irin na tsangayar lauyoyi ko ta likitoci bai san mutanen da yake magana da su ba.

Sai dai akwai buƙatun da manyan kuɗi ba sa gani saboda ƙanƙantarsu, kuma a nan nake ganin gurbinmu. Kuɗin TETFund sun fi tafiya kan gine-gine, da ɗakunan karatu, da bincike, da tura malaman jami'a ƙaro ilimi. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin rajista tare da ɗan abin kashewa na wata, amma bashi ne da za a biya, kuma na san iyaye da yawa da ke tsoron ɗora wa 'ya'yansu bashi tun kafin su fara aiki. A 2021 gwamnatin tarayya ta yi shelar ba ɗaliban digirin ilimi naira 75,000 a kowane zangon karatu, masu NCE kuma naira 50,000. Ki tambayi ɗaliban da ake turowa makarantarku mutum nawa ne a cikinsu wannan kuɗi ya taɓa shiga hannunsa.

Ki tuna da lokacin koyarwar gwaji, domin ke ma kin yi ta. Ɗaliba ce aka tura wata makaranta a bayan gari, sai ta hau adaidaita biyu kafin ta isa, kuma dole ta riga yara zuwa. Daga aljihunta za ta sayi kwali da alƙaluman zane da littafin tsara darasi, ta kwana tana zana hoton sassan tsiro ko taswirar Najeriya domin ta liƙa a bango, saboda malamin da zai zo duba ta zai ba da maki a kan kayan koyarwa. Na ga wadda ta yi zane a gaba da bayan kwali ɗaya domin ya ishe ta darasi biyu. Na kuma ga wanda ya fara fashin zuwa a mako na uku, ba don lalaci ba, sai don kuɗin motarsa sun ƙare, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa. A waɗannan makonni ne matashi ke yanke shawara a zuciyarsa ko zai riƙi koyarwa sana'a ko zai gudu daga gare ta da zarar ya karɓi takardarsa. Abin da ke raba shi da gudun bai taka kara ya karya ba, amma babu ofishin da aka ɗora wa alhakin biyansa.

Haka lamarin yake a Sashen Ilimin Masu Buƙata ta Musamman, wanda ke horar da malaman makarantu irin ta makafi da kurame da ke Tudun Maliki a Kano. Ɗalibi makaho yana buƙatar allon rubutun makafi da takardarsa mai kauri, da na'urar naɗar murya, da wanda zai karanta masa abin da ba a buga da rubutunsa ba. Kurma yana buƙatar mai fassara da hannu a cikin aji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kafa wa allon suna a yanke ƙyalle a gabansa, don haka ba safai suke jan hankalin masu bayarwa ba.

Lokacin da kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya a 2023, gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin biya wa ɗalibai 'yan asalin jihar kimanin 7,000 da ke karatu a Bayero, abin a yaba ne. Amma ajinmu, kamar naki, ya haɗa 'yan Jigawa da Katsina da Kogi da Binuwai, Musulmi da Kirista, kuma a inuwa ɗaya muke zama jiran lakca, a kwano ɗaya muke cin abinci idan wata ya yi nisa. Asusun tsofaffin ɗalibai ba ya tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan zumunci shi ne abin da ya fi komai daraja a rayuwar jami'a, kuma mu da muka ɗanɗana shi mu ne ya kamata mu tsare shi.

Yanzu ga lissafin. Ƙarfinmu a yawa yake, domin da wuya ki shiga makarantar gwamnati ko ta kuɗi a Kano da maƙwabtanta ba ki tarar da wanda tsangayar nan ta yaye ba. Idan mutum 1,000 suka amince da naira 1,000 a wata, an tara naira miliyan 12 a shekara. Ba za ta gina ɗakin lakca ba, amma za ta ɗauki kuɗin mota da kayan koyarwa na ɗalibai masu yawa. Mun saba da adashi a ɗakin malamai, mun san yadda ƙaramin zubi ke zama abin kirki idan uwar adashi mai amana ce. Ina kuma ganin a riƙa ware wani kaso a matsayin wakafi, a juya shi a yi amfani da ribarsa kawai, kamar yadda wakafi ya riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru, kuma kamar yadda Faɗimatu al-Fihri ta kafa masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a birnin Fas na Maroko a shekarar 859 da dukiyar gadonta.

Na san abin da ke hana mutane irinki sa hannu ba rowa ba ne, rashin yarda ne. Dukkanmu mun halarci tarukan neman taimako inda aka yi shelar miliyoyi a lasifika, aka tafa, daga baya ba a ga kuɗin ba, ko kuma aka gansu ba a san inda suka shiga ba. Saboda haka ba zan roƙe ki ko kwabo ba sai an cika sharuɗɗa: kuɗi su shiga asusun banki na ƙungiya, ba na wani mutum ba, fitar da su ya buƙaci sa hannun mutum fiye da ɗaya, a riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita duk bayan wata uku, a kuma sakaya sunan ɗalibin da aka taimaka wa, domin bai dace a ɗauki hotonsa yana karɓar ambulan a yaɗa a Facebook ba. Taimakon da ya zubar da mutuncin mai karɓa ya rage ladan mai bayarwa.

Saura maganarki ta ƙarshe, wadda ita ce mafi nauyi, cewa muna sauke wa gwamnati nauyi. Tarihinmu ya nuna akasin haka. Harajin ilimi da aka kafa a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, ya samo asali ne daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da yarjejeniyar 1992, lokacin da Farfesa Attahiru Jega, malami a wannan jami'a tamu, yake shugabantarta. Kafin nan, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, yana malamin makaranta kamar ni da ke. Malamai ba sa samun komai daga hukuma sai sun haɗu, kuma ƙungiyar da mambobinta ke zuba kuɗinsu duk wata, take riƙe da bayanan ɗalibai nawa ne suka kasa zuwa koyarwar gwaji saboda kuɗin mota, ita ce za ta iya tsayawa gaban majalisa ko ma'aikatar ilimi ta tambayi inda alkawarin 2021 ya kwana. Mutanen da ba sa haɗuwa sai ranar cin abincin shekara ba za su iya wannan ba.

Idan kuma watan ya zo babu naira 1,000 ɗin, babu laifi a kanki, Malama, domin kina da abin da ya fi ta. A zangon da ke tafe za a turo ɗalibai makarantarku. Ki ɗauki ɗaya ki zauna a bayan ajinsa, ki nuna masa yadda ake riƙe yara masu yawa ba tare da bulala ba, ki duba tsarin darasinsa kafin mai duba shi ya zo, ki kuma ba shi aron tsofaffin kwalayenki. Sannan ina roƙon ki da ki amince a sa sunanki cikin waɗanda za su riƙa binciken asusun, domin wadda ta iya yin wannan tambaya a gaban jama'a ita nake so ta riƙa duba takardun banki. Ina jiran amsarki kafin zamanmu na gaba.

Wassalam,
Ɗan'uwanki a aikin koyarwa.