Godiya ga Baba mai shagon ƙananan jirage na Jidda, shi da samarinsa

Assalamu alaikum Baba, da fatan kuna lafiya ku da samarin shago, ya kasuwa ya kuma zafin nan. Na ce bari in rubuto wannan a fili inda jama'a za su gani, don godiyar baki da na yi muku ba ta ishe ni ba, kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa da yawa a nan Jidda da Makka da ba su ma san da shagonku ba, har yanzu oda suke yi ta intanet su zauna zaman jira, kaya su iso a tarar fenti ya daskare a kwalba ko takardar sitika ta tsattsage saboda zafin hanya.

Ga wanda bai san harkar ba, jirgin sama ne na roba da yake zuwa gutsi-gutsi a kwali, kai za ka yanke, ka haɗa, ka goge, ka fenta da hannunka. Na yaƙi galibi 1/72 ne ko 1/48, wato an rage girman jirgin gaske sau 72 ko sau 48, na fasinja kuma 1/144 ko 1/200 saboda girmansu. Ni abin da ya kai ni wajenku DC-10 ne na 1/144, ina so in yi masa kwalliyar Nigeria Airways, kore da fari da tambarin giwar nan mai fukafukai, don mahaifiyarmu Hajiya a jirgin kamfanin ta zo ƙasar nan, kuma tun da ya durƙushe a 2003 yaranmu ba su taɓa ganin kalarsa ba sai a hoto. Jirgin gaske ya kai mita 55, nawa bai wuce santimita 38 da ɗoriya ba.

Kwali kam ko ina ana samu. Abin da na samu a wajenku shi ne yadda ake gama aiki ya fito fes, kuma a yanayin garin nan namu, don yawancin masu koyarwa a YouTube a Ingila ko Jamus suke, ba ruwansu da laimar bakin teku. Kun tambaye ni a wace unguwa nake, da na faɗa kuka ce kar in kuskura in sayi kwamfiresa, injin matsa iskar feshin fenti, sai da ɗan kofin nan mai tare ruwa a jikin tiyo, saboda iskar Jidda jiƙe take, in an matse ta ruwa ke taruwa, ana tsakiyar feshi sai ya yi tsartuwa a kan fentin da ka sha wahala. Wallahi duk ranar da na yi aiki sai na ga ɗigon ruwa a kofin nan. Kuka ƙara da cewa mutanen Riyad nasu ciwon daban ne, can bushewa ce, fentin ruwa kan bushe a bakin allurar bindigar feshi tun bai fita ba, su sai sun ɗiga maganin jinkirta bushewa. Ni kuma in kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗan zuƙe laimar ɗaki kafin in fara, amma fentin da ake sirkawa da tina mai ƙarfi kar in fesa shi a rufaffen ɗaki da yara a ciki, in buɗe taga in sa takunkumi.

Sai maganar kuɗi, ita ce ma ta fi tsaya min a rai. Na shigo da niyyar ɗaukar bindigar feshi mai tsada da na gani a gilashi, yaronku dogon nan ya sauko min da ita na juya ta, ku da kanku kuka ce in ajiye, mai bakin milimita 0.3 ta ishe ni jirgin fasinja, ragowar riyal ɗin in sayi farar shimfiɗa, wato fentin da ake fara sawa a ƙasa, da salatif mai kyau. Ɗan kasuwa ya hana kansa ciniki don kar ka yi asara, ai ba kullum ake gani ba.

Farin fenti shi ne jarabawar wannan aiki, kowa ya sani. Kuka ce in manta da shimfiɗa mai ruwan toka, in sa fara tun daga tushe, in ba haka ba sai na yi ta maimaita feshi har layukan jikin jirgin su cike. Kafin nan kuma ɗinkin bayan jirgi, inda ɓari biyu suka haɗu. Gam ɗin Tamiya mai ruwa-ruwan nan mai koren murfi kuka ba ni, ba a shafa shi, haɗa ɓarin ake yi a ɗan taɓa burushi a tsagar, shi da kansa zai bi ta ya narkar da robar ta zama ɗaya, in an matsa sai ka ga ɗan narkakken layi ya ɓullo, a bar shi ya kwana. Washegari sanfefa 400, sai 600, sai 1000 da ruwa, inda rami ya rage a cike da Mr. Surfacer 500 da tsinken sakace. Kuka nuna min dabarar duba shi ma, a karkata jirgin a gaban fitila a kalle shi ta gefe, duk tabon da ido bai gani ba inuwa za ta tona shi. Kuma da ba ku tuna min in cusa dalma a hanci kafin in rufe ba, da yanzu jirgin na zaune a kan wutsiya hanci sama, tunda DC-10 injinsa na uku a can baya yake.

Layin kore na gefen jirgi kuwa, salatif ɗin nan ruwan ɗorawa aka yanka siriri don ya bi lanƙwasa, sannan kafin a fesa koren a fara bin bakin salatif ɗin da fari kaɗan, farin ya toshe duk wata kafa, koren ba zai sulale ƙarƙashi ba. Da na ɓare shi layin ya fito tsaf kamar gugar ɗinkin Sallah.

Sitikar Nigeria Airways ba ta cikin kwalin, to nan ma ku kuka fitar da ni. Takardar sitika ta ruwa marar launi kuka ba ni in buga a firinta, kuka yi min bayanin cewa firintar gida ba ta buga fari, amma tunda jikin jirgin fari ne ba matsala, sai dai in fesa mata banish ta bushe kafin ta taɓa ruwa, in ba haka ba tawada ta wanke. A jikin jirgi kuma sai an yi banish mai ƙyalli tukuna, don a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashin sitika ta yi fari-fari kamar azurfa. Sai ruwan laushin sitika, Micro Set a ƙasa, Micro Sol a sama, kuka ja min kunne cewa za ta yamutse kamar ta lalace, kar in sa hannu, in tafi in sha shayi. Haka kuwa aka yi, ta miƙe ta kwanta kamar da fenti aka zana ta. Gilashin gaban direba da farin gam na katako na manna shi, tunda kun ce hayaƙin sufa gulu na sa shi hazo.

Abu ɗaya da muka ɗan saɓa da samarinku, su suna son a zuba baƙin fenti mai ruwa-ruwan nan a kowane layi jirgi ya yi kamar ya sha wuya. A jirgin yaƙi na yarda, amma jirgin alhazai ni dai ɗan toka-toka na sa a fukafukai da bayan injina na tsaya, kuma har gobe ina ganin nawa ya fi.

Ɗana ma ya kamu. Kun zaɓar masa jirgin soja Hawk na 1/72 da fentin Vallejo na ruwa wanda ba shi da wari sosai, yana ta fama zai yi kore da fari irin na Saudi Hawks na Tabuk, tawagar wasan sama da aka kafa a 1998, ya ce in gaishe ku da kyau.

Roƙona Baba, in za ku yi sabuwar oda a sako mana DC-3 na 1/72, irin wanda Shugaba Roosevelt na Amurka ya ba Sarki Abdul'aziz a 1945, wanda da shi kamfanin jiragen Saudia ya fara, akwai shi a gidan tarihin Saƙr al-Jazira a Riyad. Fentin azurfa zai ci, na san wannan wani karatun ne daban, sai na zo bayan la'asar ran Asabar ku ɗora ni. A ajiye min kwalbar farar shimfiɗa ɗaya kuma, tawa ta kusa ƙarewa.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya ba samarin nan mata na gari.

Naku,
ɗanku daga Sharafiyya, Jidda