Wasiƙar Makaranta: Fim ɗin 'Yan Ƙungiyar Kwamfuta da Batun Hotunan Gida

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, da fatan iyalai suna lafiya.

Wasunku sun tambayi dalilin da ya sa yara 'yan ƙungiyar kwamfuta suke ta neman hotunan 'yan gida a wayoyinku. Ga yadda abin yake.

A wannan zangon, ɗaliban babban aji suna haɗa gajeren fim da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake rubuta musu bayani su fitar da bidiyo. Labarin wani dattijo ne mai sayar da goro da jikarsa. A fitowa ta farko dattijon yana da farin gemu da hula zanna. A ta biyu gemun ya gajarce, hular ta koma rawani. Jikar kuwa, zanen atamfarta bai taɓa tsayawa iri ɗaya ba.

Dalili shi ne manhajar ba ta tuna abin da ta zana ɗazu. Kowane guntun bidiyo daga ɗigo-ɗigo marasa siffa take faro shi, kamar allon talabijin da bai kama tasha ba, tana tacewa har hoto ya bayyana. Guntayen kuma gajeru ne. Manhajar Veo 3, wadda kamfanin Google ya fitar a watan Mayun 2025, daƙiƙa 8 take bayarwa a zubi ɗaya, don haka fim na minti 3 yana buƙatar sama da guntu 20, kowanne da tasa fuskar idan ba a yi hattara ba. A Kannywood akwai mai kwantiniti da ke lura da kaya da kwalliyar 'yan wasa daga fitowa zuwa fitowa. A nan har hancin jarumin sai an sa masa ido.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne a ba manhajar hoton jarumi guda, ta riƙa bin sa a kowace fitowa. Kamfanin Runway ma da wannan ya tallata manhajarsa ta Gen-4 a watan Maris na 2025. Ana haɗawa da maimaita siffanta jarumin kalma da kalma, sannan a ɗauki hoton ƙarshe na guntu a mai da shi farkon na gaba. Yaran sun gano cewa hoton mutum na gaske ya fi kamawa, shi ya sa suka koma kan hoton kaka da na ƙanne.

Makaranta ba ta amince da haka ba. Hoton da aka ɗora yana tafiya rumbun adana bayanai na kamfani a wata ƙasa, kuma dabarar da ke tsayar da fuskar jarumi ita ce dai ake sa mutum a bidiyon abin da bai aikata ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta sharɗanta izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro.

Saboda haka ɗalibai za su zana jarumansu da hannu a darasin zane: gaba, gefe da baya, da launin kaya a rubuce. Malami ne kaɗai zai ɗora zanen ta asusun makaranta. Aikin zai ɗauki lokaci, amma a ganinmu yaron da ya zauna ya yanke tsawon gemun dattijo ya fi wanda ya latsa maɓalli ƙaruwa.

Idan yaro ya riga ya ɗora hoton wani, don Allah a sanar da malamin kwamfuta a taimaka a goge. Za a nuna fim ɗin a taron iyaye da malamai na ƙarshen zango, in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Shugaban makaranta